Yadda kwamfuta ke gano tattarewar ƙyalle kafin ta karya fiffiken injin iska

Duk macen da ta taɓa rufe ƙwaryar nono da ƙyalle a kasuwar Makarfi ko Ikara ta san abu guda: idan aka kifa ƙwarya aka shimfiɗa ƙyalle a bayanta, samansa zai kwanta sumul, amma gefensa sai ya tattare. A gida wannan ba komai ba ne. A masana'antar ƙera jiragen sama da fikafikan injin lantarki mai aiki da iska kuwa, wannan 'yar tattarewa kan jawo asarar dukiya, har ta sa rayuka cikin haɗari.

Dalili shi ne, yanzu da saƙa ake ƙera kayayyaki da yawa da a da sai ƙarfe. Ana saƙa zaren gilashi ko na kabon, a shimfiɗa shi hawa-hawa cikin mazubi, a ɗura masa wani irin danƙo, ya daskare ya yi tauri. Kimanin rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗin ne. Haka ake yin fikafikan injinan iska irin guda 37 da aka kafa a Lambar Rimi ta Jihar Katsina, tashar da aka tsara ta ba da megawat 10.

Inda gizo ke saƙar

Ƙarfin haɗin yana cikin miƙewar zaren. A saƙa, zaren tsaye da na kwance suna gittawa ne a kusurwar digiri 90. Idan aka lanƙwasa ƙyallen a kan mazubi mai doro, kusurwar kan yi ta tsukewa har zaruruwan su matse juna. Da sun rasa wurin motsi, sai ƙyallen ya tashi ya tattare. Bayan danƙo ya daskare, tattarewar ta ɓuya a ciki, ido ba ya ganinta, alhali nan ne zaren ya karkace, kuma nan tsagewa kan fara idan iska ta yi ta jijjiga fiffike shekara da shekaru.

A da, sai an gwada an ɓata kaya masu tsada kafin a gane inda matsalar take. Yanzu injiniyoyi kan fara auna ɗan yankin ƙyalle a ɗakin gwaji: ƙarfinsa idan an ja shi, yadda yake karkacewa, da taurinsa wajen lanƙwasa. Sai a shigar da alƙaluman cikin manhaja, ta raba ƙyallen gida dubbai, ta lissafa motsin kowane gida yayin da ake danna shi cikin mazubi. Kafin a yanka ko taku ɗaya, allon kwamfuta ya nuna inda zai tattare.

Binciken Farfesa Philippe Boisse da abokan aikinsa a birnin Liyon na Faransa ya nuna cewa tsukewar kusurwa kaɗai ba ta isa ta bayyana matsalar ba. Taurin lanƙwasa ne ke tantance yawan tattarewar da girmanta, kuma idan aka ɗaure bakin ƙyallen aka ɗan ja shi, tana raguwa.

Ina ruwan manomi?

Kaduna ba baƙuwar zare ba ce. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen injiniyancin roba da saƙa. Ramar da ake tufka igiya da ita a ƙauyukan Kudan da Ikara, kamfanonin motoci irin su Toyota sun yi amfani da zarenta a wasu sassan cikin mota.

Sai dai zaren rama ba kamar na gilashi ba ne: kaurinsa kan bambanta daga gona zuwa gona, yana kuma shan danshi. Lissafin da aka gina kan zaren gilashi ba zai yi masa daidai ba, sai an auna shi a karan kansa. Wannan awon aiki ne da ɗalibin Samaru zai iya farawa da ramar garinsu, kuma sai an yi shi kamfani zai amince ya sayi zaren manomi da daraja.