Zumuntar Mata: Su ke riƙe da coci, amma bagadi na maza ne

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar coci ranar Lahadi a ƙasar Hausa, daga Wusasa ta Zariya zuwa Maraɗi, ya san amon tulu da kacau-kacau da muryoyin mata masu anko. Waɗannan su ne 'yan Zumuntar Mata, ƙungiyar da kusan kowace ikilisiya mai sujada da Hausa take da irinta.

A yankunan da Kirista suke tsiraru, kamar Malanbil da Tumbutu a arewacin Jamhuriyar Benin, gaɓa da garin Gaya na Nijar, nauyin da ke kan mata ya fi fitowa fili, domin hannuwan da za su yi aikin ba su da yawa. Su ne masu share majami'a, su ne masu koyar da yara, su ne masu gaida majinyata, su tara kuɗi su tallafa wa gwauraye da marayu. In an yi rasuwa ko biki, tukunyarsu ce ke kan murhu.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a shekarar 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan cocin EYN ne, mawaƙan Zumuntar Matan cocin sun zagaya Amurka a 2015 suna bayyana halin da jama'arsu ke ciki. Dokta Rebecca Dali, 'yar wannan coci, ta karɓi lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017 saboda kula da matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram.

To amma fa da an zo batun naɗa fasto, sai labari ya sha bamban. ECWA da EYN da cocin Anglika ta Nijeriya ba sa naɗa mace limamiya. A Katolika kuwa, Fafaroma John Paul na biyu ya rufe wannan ƙofa a 1994, ko da yake a 2021 Fafaroma Francis ya amince a ba mata muƙamin karatu da hidima a bagadi.

Masu hanawa suna kafa hujja da wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 2, inda ya hana mace iko a kan namiji. Masu goyon baya kuwa sukan ce shi wannan Bulus ɗin ne ya yabi Fibi, mai hidimar ikilisiya, a sura ta 16 ta Romawa, sannan ga Debora da ta shugabanci Isra'ila.

Cocin Fentikos da dama sun daɗe da raba gardama. Margaret Idahosa ta gaji mijinta a shugabancin Church of God Mission bayan rasuwarsa a 1998. A Ingila ma, an bayyana Sarah Mullally a matsayin Akbishop ta Canterbury a watan Oktoban 2025, matakin da shugabannin Anglika na Nijeriya suka fito ƙarara suka yi watsi da shi.

Abin da ke nan shi ne, 'yan mata na ƙara shiga makarantun tauhidi, suna zama aji ɗaya da maza, suna cin jarrabawa ɗaya. Ranar yaye ɗalibai, namiji ya kama hanyar zama rabaran, ita kuwa a tura ta ajin yara ko ofishin Zumunta. Wannan ita ce tambayar da ke jiran dattawan ikilisiya, kuma matan da ke tara baikon suna sauraron amsa.