Fentin gari a gida: bindigar feshi kaɗai ba ta isa ba

Masu walda da masu gyaran babura da dama sun ga bidiyoyin a YouTube: mutum a garejin gidansa a Amurka yana fesa wani gari mai launi a kan ƙarfe, ya sa shi a tanda, ya fito da shi yana sheƙi kamar daga masana'anta. Wannan shi ne fentin gari, wanda a Faransanci ake kira thermolaquage. Tambayar ita ce, shin mai ƙaramin shago a Maraɗi, Garwa ko Njamena zai iya yin sa da kansa?

Garin busasshe ne, ba a haɗa shi da tina ko fetur. Bindigar ce ke ɗora masa cajin lantarki, shi kuma ƙarfen a haɗa shi da waya zuwa ƙasa, sai garin ya manne masa. Daga nan a gasa shi a zafin digiri 180 zuwa 200 na tsawon minti 10 zuwa 20, ya narke ya zama fata guda mai tauri. Lissafin mintunan yana farawa ne daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai wannan zafi, ba daga lokacin da aka rufe ƙofar tanda ba. Ƙarfe mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, kuma fentin da bai gasu ba ɓarewa yake yi.

A nan aikin gida ke gamuwa da iyakarsa. Bindigar ba ta da wuyar samu, tandar ce matsala. Tsohuwar tandar girki ta lantarki za ta ɗauki ƙananan kayan babur, amma ba za ta ɗauki ƙyaure ko taga ba. Tandar da aka gasa fenti a ciki ba ta sake komawa ga abinci. Ta gas kuwa haɗari ce, domin garin da ke yawo a iska yana iya kamawa da wuta. Ga kuma ɗauke wuta: idan ta tafi ana tsakiyar gashi, aikin na iya lalacewa.

Abin da bidiyoyin suka fi tsallakewa shi ne shirin ƙarfe. Ƙwararru sukan kankare tsatsa da feshin yashi, su wanke maiƙo, sannan su bi da sinadari irin su fosfat kafin gari ya taɓa ƙarfen. Wanda ya tsaya ga goge shi da samfefa zai ga fenti mai kyau a ranar farko, amma tsatsa na ci gaba da cin ƙarfen ta ƙarƙashi. Ƙurar hunturu ma ba ta yafiya, duk ƙwayar da ta sauka kafin gashi za ta zauna a jikin fentin.

A ganina, ƙananan kaya ne kaɗai suka cancanci gwaji a gida, da takunkumin hanci mai kyau. Ƙyaure da duk abin da zai zauna a waje, a kai wa masu babbar tanda. Kafin a biya su, a tambayi irin garin da suke aiki da shi: na epoksi yana kwaɗewa ya yi fari-fari a rana, na poliyesta shi ne ke jure ranar Sahel.