Sunayen Hausa a Jadawalin Sinadarai: Nazari a Kan Dabarar Kati

Wannan maƙala za ta duba wata dabara da ɗalibin sakandare zai iya bi wajen koyon jadawalin sinadarai, da matsalar fassara da dabarar take tonowa. Ɗalibin zai yanka kwali gida 118, adadin sinadaran da aka tabbatar zuwa 2016. A fuskar kowane kati ya rubuta alamar sinadarin da lambarsa, a baya kuma sunansa na Hausa, sannan ya barbaza katunan ya sake jera su. An ce da irin wannan kati Dmitri Mendeleyef na Rasha ya tsara jadawalinsa a 1869, ya bar guraben da galiyam ya cike a 1875 da jamaniyam a 1886.

Bayan katin ne wurin da ya shafi manazarcin harshe. Sinadaran da Bahaushe ya san su tun da daɗewa suna da sunaye: zinariya ga Au, azurfa ga Ag, dalma ga Pb, zaiba ga Hg, farar wuta ga S. Sauran kuwa, galibinsu sai aro. Ko a cikin sanannun ma akwai tarko. Kalmar ƙarfe tana nufin Fe, tana kuma nufin dukkan dangin ƙarafa, shi ya sa ake kiran Cu jan ƙarfe. Ita ma tagulla ba ta tsaya a kan Cu ba, domin tana ɗaukar gaurayen ƙarfen da maƙera ke zubi da shi.

Kanwa ta fi su rikici. Turawa sun saba fassara ta da "potash", don haka ɗalibi zai kai ta katin K, wato fotasiyam. Alhali kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi, irin su ungurnu, gishirin sodiyam ce galibi. Hasali ma alamar Na ta samo asali ne daga "natrium", sunan da aka ciro daga "natron", wato ita kanwar. Duk da haka ba ta cancanci katin Na ba, saboda haɗin sinadarai ce, jadawalin kuma na tsantsar sinadari ne. Abin da ya dace a rubuta a bayan wannan kati shi ne sodiyam, a ƙasa kuma a ƙara da ƙananan haruffa cewa ana samun sa a kanwa da gishiri.