Me Ya Sa Dirkokin Ganvié Ba Sa Ruɓewa A Cikin Ruwa?

Duk wanda ya tashi a Kunduru ya san abokan gaban katako biyu ne: gara da damshi. Shi ya sa magina ke neman azarar giginya, kuma ba sa wasa da yoyon soro. To ta yaya gari guda zai zauna a kan itace, a tsakiyar tafki, kusan shekaru 300?

Garin shi ne Ganvié, a tafkin Nokoué, arewa da Kwatano a Jamhuriyar Benin. Tarihin baka na Tofinu, mutanen da suka kafa shi, ya ce sun shiga ruwa ne don tsere wa mayaƙan Dahomey masu farautar bayi. Har yau gidajen na kan dirkoki, kasuwa a cikin kwale-kwale take ci.

Abin da ke ruɓar da katako yawanci funfuna ce, ita kuwa tana buƙatar damshi da iskar oksijin a lokaci guda. Gindin dirkar da aka kafa cikin taɓo ya jiƙe sharkaf, amma oksijin kaɗan ne a wurin, sai ruɓewa ta yi tafiyar hawainiya. Gara ma ba ta iyo. Inda matsalar take shi ne daidai bakin ruwa, wurin da itacen ke jiƙewa yau ya sha iska gobe. Nan dirka ke fara cinyewa, nan masu gida ke dubawa, su sauya ta kafin ta karye. Wato garin ne ya tsufa, itacensa kullum sabuntawa yake.

Gishiri kuma ya zo da tasa fitinar. A 1885 aka haƙa mashigin da ya haɗa tafkin da teku a Kwatano. Ruwan gishiri yana shigowa da wata halitta mai kama da tsutsa, alhali dangin katantanwa ce, wadda ke huda katako ta ciki ta bar bayansa lafiya lau. Ba dirkoki kaɗai take ci ba, har da akaja, rassan da masunta ke kafawa a tafkin don kifi ya taru ya yi ƙiba.

Yanzu masu hali suna zuba dirkokin siminti. Da wuya ka ga laifinsu, sai dai duk gidan da ya koma siminti, an rage wurin da yaro zai koyi zaɓen itace da kafa shi. Tun 1996 Ganvié ke cikin jerin wuraren da Benin ke son UNESCO ta amince da su.