Zaman Dindindin a Amurka ta Hanyar Zuba Jari: Abin da Dillalai ba sa Faɗa

Shirin da ake kira EB-5, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 1990, hanya ce da baƙo mai hannu da shuni ke bi ya sami izinin zaman dindindin, wato girin kad, shi da matarsa da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba, muddin jarinsa ya samar wa mutum goma cikakken aikin yi. Tun gyaran dokar da aka yi a 2022, jarin ya zama dala 1,050,000, amma a karkara ko yankin da rashin aiki ya yi katutu an sassauta shi zuwa dala 800,000.

Dillalai kan tallata shirin kamar cinikin ba ni gishiri in ba ka manda, alhali dokar ta gindaya cewa dole kuɗin su shiga kasada, ma'ana su iya haifar da riba ko su nutse, don haka duk wanda ya yi alkawarin mayar da uwar kuɗi ko ta halin ƙaƙa, ko dai ƙarya yake yi ko kuwa yarjejeniyarsa za ta rushe neman. Katin farko ma na wucin gadi ne, na shekara biyu, kuma ba ya tabbata sai hukumar shige da fice ta gamsu cewa ayyukan goman nan sun samu. A 2016 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta tuhumi masu wurin shaƙatawa na Jay Peak, a jihar Vermont, da karkatar da fiye da dala miliyan 200 na ɗaruruwan baƙin da suka zuba jari ta wannan shiri, ciki har da kuɗin wata cibiyar binciken lafiya da ba a taɓa ginawa ba.

Akwai kuma binciken asalin dukiya, inda attajirin da ya saba da tsabar kuɗi da littafin bashi a aljihun tebur kan yi tuntuɓe, domin ana neman takardun haraji da bayanan banki da ke nuna yadda kowace dala ta taru, har kyauta da gado. Wanda ya tsallake duk wannan, Amurka za ta nemi haraji a kan abin da yake samu a ko'ina cikin duniya, har da hayar shagunan da ya bari a gida.