Kafin Ka Ci Bashi Don Koyon Gyaran Firji da AC

Duk shekara, da zarar bazara ta kama Sakkwato zafi ya haura digiri 40, sai wata magana ta sake tasowa a majalisun matasan Sabon Gari. Wai babu sana'ar da ta kai gyaran firji da AC kawo kuɗi, don haka ko bashi ne ka ci ka shiga kwas ɗin wata uku, kafin damina ta sauka ka biya. Na gaji da jin wannan zance, na kuma fi gajiya da ganin yadda yake tura yara hannun masu ba da rance ta waya.

Sana'ar kam sana'a ce, babu mai ja. Lissafin ne gurgu. Yaro zai ga oga ya karɓi kuɗin aiki biyar a rana ɗaya cikin watan Afrilu, sai ya ninka da kwanakin shekara a ransa. Bai tambayi abin da ogan ya samu a Disamba da Janairu ba, lokacin da hunturu ya sa kowa ya kashe AC ya ja bargo. Bai cire kuɗin gas da bututun tagulla da man babur ba, alhali kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 suka ƙara tsada. Bai tuna cewa aikin nan a bayan wutar lantarki yake tafiya ba. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan wuta suka lalace Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, wa ya nemi mai gyara? Hatta azumi, da ke sa masu ƙanƙara da fiya-wata su yi ta rububin gyaran firiza, yana zuwa da wuri da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu sanyi ya dosa.

Sai kuma bidiyoyin Facebook da TikTok masu nuna cewa mai wannan aiki a Amurka yana samun sama da dala 50,000 a shekara. Gaskiya ne. Amma can rabin aikinsa na'urar ɗumama gida ce, don haka rani da ɗari yana kan aiki. Wa ke ɗumama ɗaki da inji a Mabera ko Arkilla? Mai bashi kuwa babu ruwansa da hunturu, ƙarshen wata kawai ya sani.

Wata ukun ma yaudara ce. AC na zamani mai inbata allon lantarki ke sarrafa shi, wanda bai iya karanta mita ba lalata shi zai yi. Gas ɗin R22 da tsofaffin ogogi suka saba da shi ana janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, waɗanda suka maye gurbinsa kuma, irin R32 a AC da R600a a firji, suna kama wuta. Mai rabin ilimi shi ne ke cewa "gas ya ƙare" ya ɗura sabo ya tafi, alhali AC ba ya shan gas. In ya ragu, yoyo ne a wani wuri. Bayan sati biyu mai gida ya dawo da faɗa, a sake aikin kyauta, ga ruwan bashi yana hawa.

Za a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, bashi suna ya tara. Na manhajojin waya riba ce tsagwaronta, kuma irin cin mutuncin da suke yi, na aika wa dangin mutum saƙon cewa ɓarawo ne, shi ya sa hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai musu samame a 2022. Rancen ɗalibai na gwamnati, wato NELFUND, wanda aka sa hannu kan dokarsa a Afrilun 2024, ba shi da ruwa, kuɗin makaranta ana tura shi asusun makarantar ne kai tsaye, biya kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Wannan zai amfani wanda ya samu gurbi a irin Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ba zai biya maka kuɗin cibiyar da aka buɗe jiya a saman bene ba.

Ga abin da nake gaya wa iyaye. Kafin a biya ko sisi, a kai yaro shagon oga mai amana ya zauna, har ya ga bazara ya kuma ga hunturu da idonsa. Idan bai gama sakandare ba, makarantun fasaha na gwamnati irin na Farfaru da Runjin Sambo suna nan, a je a tambayi fannonin da suke koyarwa, domin jarrabawar NABTEB tana da fannin sanyaya. A leƙa ofisoshin hukumomin gwamnati na NDE da ITF, su ma suna horar da masu sana'a. Wanda ya koya a shago ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na 3 zuwa na 1, don da ita ake neman aikin kula da na'urori a asibiti ko banki ko otal, inda albashi ba ya duba yanayi. Duk cibiyar da ta nemi kuɗi, a tambaye ta wace hukuma ta amince da takardarta, a kuma ƙirga injinan da ɗalibi zai taɓa da hannunsa.

In ma dole sai an nemo kuɗi, a adana shi don kayan aiki: geji, famfon zuƙe iska, mita, kayan walda da tukunyar naitirojin ta gwada yoyo. A shiga adashe a watannin zafi, a sayi ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma tsadar naitirojin ta sa yaro ya gwada bututu da iskar oksijin ta walda, domin in ta haɗu da man kwamfireso fashewa take yi.