Matsalar Fassara Kalmar Wasiyya: Misali Daga Potiskum

1.0 Gabatarwa

Potiskum, a Jihar Yobe, gari ne da ya tara Ngizim da Bolawa da Karekare da Fulani, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa su a kasuwa da gaban alƙali. A irin wannan wuri, kalma ɗaya da aka yi wa gurguwar fahimta tana iya raba 'yan'uwa. Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa wasiyya da kalmar Ingilishi ta *will* ba daidai suke ba, duk da cewa masu fassara sun saba ɗora ɗaya a gurbin ɗaya.

2.0 Ma'anonin Wasiyya

Kalmar ta shigo Hausa daga Larabci, kuma ana amfani da ita ta fuskoki uku:

(1) Ya bar wasiyya a riƙe zumunci.
(2) Ya bar wa ƙanensa wasiyyar 'ya'yansa.
(3) Ya yi wasiyya da gonarsa ga almajirinsa.

Misali na (1) nasiha ce ta ban-kwana. A na (2) an naɗa wasiyyi, wato mai kula da marayu da dukiyarsu. Na (3) kaɗai ne yake fitar da dukiya daga hannun magada, kuma shi ne fikihun Malikiyya ya yi wa iyaka biyu: ba ya wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin sa ga mai gado, sai in sauran magada sun amince. A ƙaddara mutum ya bar Naira 900,000 bayan an cire kuɗin jana'iza da bashi. Iyakar wasiyyarsa Naira 300,000 ce. Sauran 600,000 gado ne, wanda matarsa za ta sami tumunin takaba daga ciki, wato Naira 75,000, idan ya bar 'ya'ya. Ke nan gado rabo ne da Shari'a ta yanka, mamaci ba shi da ta cewa. Kyauta kuwa sai da rai da lafiya, kuma sai wanda aka ba ya karɓa. Wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

3.0 Inda Fassara Ta Gaza

A ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837, wadda Nijeriya ta gada daga mulkin mallaka, mutum yana da ikon ba da dukiyarsa kaf ga wanda ya so, har ya fifita wani ɗa a kan wani. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, a 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da takardar da wani Musulmi ya rubuta bisa wannan doka, duk da saɓa wa ƙa'idojin Malikiyya da ta yi. Idan aka kira irin wannan takarda wasiyya kawai, wani zai ɗauka cewa iyakar sulusi ta hau kanta, wani kuma zai zaci ta hanyar wasiyya ake raba wa magada dukiya. Duka biyun kuskure ne, kuma ya fi muni ga wanda Hausa harshe na biyu ce gare shi, domin yakan fi sanin ma'ana ta (1).

4.0 Kammalawa

Saboda haka, muna ba da shawarar a bar wasiyya ga ma'anarta ta fikihu, a kira ta biyun takardar rabon dukiya ta dokar Ingila. Tsawon sunan bai kai asarar da maraya zai yi ba idan tafinta ya gajarta. Ya kamata kuma masu tsara ƙamus su ware ma'anonin nan uku, kowace da misalinta, tare da tuntuɓar alƙalai da lauyoyi kafin a tsayar da kalma.